Noman Lambu Bisa Tsarin Bayodainamik: Abin Da Manoman Lafiya Za Su Koya Cikin Shekarar Noma Guda

Daga Wakilinmu a Lafiya

Tsadar takin zamani ta zama babban abin da ke ci wa masu noman lambu tuwo a ƙwarya a Jihar Nasarawa, kamar yadda take a sauran jihohin ƙasar nan. A shekarar 2017, ƙarƙashin shirin samar da taki na Shugaban Ƙasa, an ƙayyade farashin buhun NPK mai kilo 50 a kan naira 5,500. Ya zuwa shekarar 2024, bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar naira da aka yi a 2023, buhu ɗaya ya haura naira 30,000 a kasuwanni da dama. Haka kuma kuɗin man da injin ban ruwa ke sha da na magungunan feshi duk sun ninka.

Wannan hali ya sa masu zuba jari a harkar kayan gwari suke waiwayar hanyoyin noman da ba su dogara da kayan da ake saye da tsabar kuɗi ba. Daga cikin irin waɗannan hanyoyi akwai wadda Turawa ke kira bayodainamik, sunan da har yanzu baƙo ne a kunnen akasarin manomanmu. Tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi ita ce: mene ne a cikin tsarin zai rage masa kashe kuɗi, mene ne kuma zai iya ajiyewa gefe ba tare da ya yi asara ba?

Asalin tsarin

A watan Yunin 1924 ne wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostiriya, Rudolf Steiner, ya gabatar da laccoci takwas ga wasu manoma a Koberwitz, wani ƙauye kusa da birnin Breslau, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan. Manoman sun koka ne a kan raunin ƙasa da na iri da na dabbobi tun bayan yaɗuwar takin zamani. Amsar da ya ba su ita ce a ɗauki gona tamkar jiki guda mai rai, wanda zai ciyar da kansa da kansa: dabbobi su ba da taki, taki ya ciyar da ƙasa, ƙasa ta ba da abinci da harawa, harawa ta koma ga dabbobi. A shekarar 1928 aka ƙirƙiro tambarin Demeter domin amfanin gonar da aka noma ta wannan hanya, kuma shi ne tambari mafi daɗewa a duniya a fannin noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi na kanti, wato noman oganik.

Abubuwa biyu suka bambanta bayodainamik da sauran noman oganik. Na farko, wasu haɗe-haɗe guda tara da aka yi wa lamba daga 500 zuwa 508. Mafi shahara shi ne mai lamba 500: a cusa ɗanyen kashin saniya a cikin ƙaho, a binne shi tsawon lokacin sanyi, a tono, a ɗebi ɗan dunƙule a dama cikin ruwa na tsawon awa guda, sannan a yayyafa wa gona da yamma. Mai lamba 501 kuwa garin farin dutse ne da ake binnewa cikin ƙaho, a fesa wa ganye da sassafe. Sauran kuma daga furanni da ganyaye da ɓawon itatuwan Turai ake yin su, akasarinsu domin sakawa cikin tulin taki. Na biyu, kalandar shuka mai bin tafiyar wata da taurari, wadda wata manomiya Bajamushiya, Maria Thun, ta yi ta fitarwa kowace shekara tun farkon shekarun 1960, inda ta kasa ranaku zuwa na saiwa da na ganye da na fure da na 'ya'ya.

A nahiyar Afirka, misalin da ya fi fice yana ƙasar Masar. A shekarar 1977 Dakta Ibrahim Abouleish ya kafa gonar SEKEM a kan hekta 70 na hamada kusa da garin Belbeis, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Alkahira. Da tulin taki da bishiyoyi da shanu aka raya wurin, har ya zama rukunin kamfanoni masu sarrafa kayan lambu da ganyen shayi da magunguna da auduga. A 2003 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood saboda wannan aiki.

Abin da bincike ya tabbatar

Tun shekarar 1978 ake gudanar da wani gwaji mai suna DOK a Therwil ta ƙasar Suwizalan, inda ake kwatanta noman bayodainamik da na oganik da na zamani a fili guda. Sakamakon shekaru 21 da mujallar Science ta buga a 2002 ya nuna cewa amfanin da aka samu a filayen oganik da na bayodainamik ya gaza na zamani da kimanin kashi 20 cikin 100, amma takin da makamashin da aka kashe sun ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin feshi kuma ya ragu da kashi 97. Ƙasar waɗannan filaye ta fi yawan tana da sauran ƙananan halittu, ta kuma fi haɗe jikinta. Sai dai kuma giɓin bai zo daidai a kowane amfani ba: alkama ta kusa kamo ta zamani, dankalin Turawa kuwa ya tsaya tsakanin kashi 58 zuwa 66 cikin 100. Wannan darasi ne ga mai lambu, domin amfanin da ke buƙatar abinci mai yawa cikin ɗan lokaci shi ya fi jin jiki.

Dangane da haɗin ƙaho da kalandar taurari, nazarce-nazarcen da aka yi ba su samar da gamsasshiyar hujjar cewa suna ƙara amfani a kan abin da noman oganik mai kyau ke bayarwa ba. Abin da ya shafi aƙida game da tasirin taurari, kowa ya san inda zai nemi fatawa. Ta fuskar lissafi kuwa, ribar tsarin tana cikin taki da kiwo da sauya shuka da kiyaye lokaci, kuma waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a fara koyo.

Bugu da ƙari, ginshiƙin tsarin ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masu bincike irin su Michael Mortimore sun daɗe da bayyana yadda manoman karkarar Kano suka yi ta noma gonakinsu shekara da shekaru ba hutu, ta hanyar kai takin dabbobi da sharar birni a kan jakuna, da haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, da adana harawa domin awaki da tumaki. Abin da tsarin na Turai ya ƙara shi ne ƙa'ida da rubutu da tambarin sayarwa.

Me ya sa Lafiya?

Lafiya, wadda ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana da abubuwan da irin wannan noma ke buƙata. Ruwan sama yana sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, akwai fadamu a gefen Kogin Amba da sauran rafuka, akwai kasuwar shanu ta Shinge da mahauta inda kashin dabbobi ke taruwa, akwai kuma injinan casar shinkafa masu tara ɓuntu tuli-tuli. Ta fuskar ilmi, garin yana da Kwalejin Aikin Gona, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, NADP, wadda tushenta ke komawa ga shirin raya aikin gona na Lafiya da Bankin Duniya ya tallafa wa tun ƙarshen shekarun 1970. Hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi kuma ta haɗa garin da manyan kasuwanni biyu, wato Abuja da Makurɗi.

Matsalar ƙasar yankin ita ce yawan rairayi da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye a cikinta. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan wanke takin zamani ya yi ƙasa da shi kafin saiwa ta sha. Don haka duk abin da zai ƙara wa ƙasar jiki, jari ne da ba ya ƙarewa a shekara ɗaya.

Wannan ilmi ba ya samuwa a zaman bita na kwana uku. Makarantarsa ita ce shekarar noma ɗungurungum, daga bazara zuwa bazara, kuma kowane zango da darasinsa.

Bazara: haɗa taki

Karatu yana farawa ne a Fabrairu da Maris, tun kafin ruwa ya sauka. Aikin farko shi ne gina tulin taki a inuwa, faɗinsa kimanin mita ɗaya da rabi, tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Ana shimfiɗa busasshen abu kamar kara da ɓuntu da busasshen ganye, a bi shi da ɗanyen ganye, sannan kashin shanu ko na kaji, a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har tulin ya kai. Danshin da ake so shi ne wanda in aka matsa a hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya tsiyaya ba.

Ɗalibi zai soke sanda a tsakiyar tulin, ya riƙa zaro ta yana taɓawa. Cikin 'yan kwanaki ya kamata ta yi zafi, domin tuli mai kyau yakan kai awo 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyos, zafin da ke kashe akasarin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan sanda ta fito da sanyi, ko dai ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabba bai isa ba. Idan tulin yana wari, ruwa ya yi yawa. Ana juya shi bayan kowane mako biyu zuwa uku, kuma cikin wata biyu zuwa uku zai nuna, ya yi baƙi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

A wannan zango ne kuma ake zana taswirar lambu, a kasa shi gida huɗu, a buɗe littafin lissafi. Wanda bai buɗe littafi ba, gwaji yake yi a cikin duhu.

Farkon damina: kayan ganye

Daga Afrilu zuwa Mayu, idan ruwa ya zauna, sai a fara da kayan da ke saurin biya. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako huɗu zuwa biyar, kuɓewa ta fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, ga kuma lalo da yakuwa da ugu da kabewa. Hikimar farawa da su ita ce kuɗi ya riƙa shigowa tun da wuri, kuma in an yi kuskure a gan shi nan da nan. A damina ana ɗaga kunya ko gado domin kada ruwa ya kwanta, a lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa domin rage zaizaya da tsirowar haki.

Akwai ƙa'idar tsafta da ta wajaba a kiyaye. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da cututtuka. Dokar noman oganik ta Amurka ta tanadi a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Mai son sayar wa otal-otal da manyan kantuna latas ko kokwamba dole ya yi amfani da takin da ya nuna sarai.

Tsakiyar damina: ciyawa da cuta

Yuni zuwa Satumba shi ne lokacin jarrabawa. Ciyawa tana tashi ba ƙaƙƙautawa, kuma tunda ba a fesa maganin kashe ta, sai fartanya da hannu. A nan ne kuɗin ƙwadago ke hawa, a nan ne kuma da yawa kan karaya. Danshi yana kawo cututtukan ganye da ruɓewar saiwa, musamman ga tumatir, abin da ya sa farashinsa kan tashi a wannan lokaci.

Babban makamin mai wannan tsari shi ne sauya shuka. Tumatir da tattasai da attarugu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka ba a bin ɗaya da ɗaya a gado guda. Sai an ratsa da masara ko albasa ko kayan ganye, a kuma sa wake ko gyaɗa a zagayen domin su ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Ga ƙwari irin su darɓa da ƙananan tsutsotsi, ana daka 'ya'yan dogonyaro, kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Maganin yana hana ƙwari ci da hayayyafa, amma rana tana saurin kashe ƙarfinsa, don haka sai an riƙa maimaitawa.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa dogonyaro ba ya maganin kowace annoba. A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohi, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki. Manomin da ya zuba dukkan jarinsa a amfani guda ya fi kowa shan kashi a irin wannan shekara. Mai kayan lambu iri shida ko bakwai yakan tsira da wani abu.

Kaka da rani: iri da ban ruwa

A Oktoba, sa'ad da ruwa ke ɗaukewa, ana zaɓen iri daga shukar da ta fi lafiya, a shanya a adana, a kuma shirya wurin renon tumatir da tattasai da kabeji, waɗanda ake dasawa bayan mako huɗu zuwa shida. Kara da harawa da ciyawar da aka saba cinna wa wuta su ne kayan tulin taki na gaba. Duk wanda ya ƙone su, ya ƙone kuɗinsa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyin hunturu ya fi dacewa da tumatir da kabeji da karas da latas. A nan ne ake ganin sakamakon takin da aka zuba tun damina: komin da ya sha ruɓaɓɓen taki, aka kuma lulluɓe shi, yana daɗewa da danshi, ke nan injin ban ruwa zai rage shan mai. Masu bin tsarin a ƙasar Indiya a lokacin sanyi suke binne ƙahonsu, su tono kafin zafi ya shigo. Mai sha'awar gwada haɗin, ƙaho yana da araha a mahauta. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya ware komi biyu masu taki iri ɗaya, ya yayyafa wa ɗaya ya bar ɗaya, ya auna abin da kowanne ya bayar.

Lissafin riba da faɗuwa

Kada a ɗauka takin gargajiya kyauta ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Busasshen kashin shanu kuwa da wuya ya wuce kashi 2 cikin 100. Wato kafin a samu abin da ke cikin buhu ɗaya na yuriya, sai an kawo aƙalla kilo 1,150 na kashin shanu, daidai da buhu 23, kuma ba duka ne shuka za ta samu a shekarar farko ba. Saboda haka kuɗin dako da na lebura su ne ke yanke hukunci. Lambun da ke kusa da garke ko gidan kaji ko mahauta zai ci riba. Wanda sai an yi tafiya mai nisa da mota, lissafinsa na iya ƙin fita.

Wannan ne dalilin da ya sa tsarin ya dage a kan mai gona ya haɗa da kiwo. Ga wanda ba shi da dabbobi, akwai tsohuwar al'adar da makiyaya ke zaunar da shanu a gona bayan girbi, su ci kara su bar taki. A jihar da rikicin manoma da makiyaya ya jawo asarar rayuka da dukiya a ƙananan hukumomi irin su Doma da Keana da Awe da Obi, cinikin taki da harawa bisa yarjejeniya yana ba kowane ɓangare dalilin son zaman lafiyar ɗan'uwansa.

Batun kasuwa

A kasuwannin Lafiya, mai saye ba ya tambayar da wane taki aka noma kuɓewa. Girma da kyau da farashi yake dubawa. Ƙarin farashi yana samuwa ne kawai inda mai saye ya yarda da shaida. Tambarin Demeter yana buƙatar shekaru na sauya tsarin gona, da bincike kowace shekara, da ware kashi 10 cikin 100 na fili domin itatuwa da sauran halittu, kuma kuɗin binciken ya fi ƙarfin mai ƙaramin lambu shi kaɗai. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce tsarin shaidar haɗin gwiwa da ake kira PGS, inda manoma da masu saye ke duba gonakin juna, wanda ƙungiyar masu noman oganik ta Nijeriya, NOAN, mai hedkwata a Ibadan, take ƙarfafawa. Ƙungiyar manoma goma ko ashirin da za ta iya cika mota kowane mako zuwa Abuja ta fi mutum ɗaya damar samun kwantiragi.

Akwai kuma darasi ga masu hangen kasuwar waje. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos. Jihar Nasarawa tana cikin manyan masu noman riɗi, amfanin da akasarinsa ƙetare ake kai shi, don haka sanin noma da adana ba da guba ba ilmi ne da zai yi amfani har a wajen lambu.

A yi hattara da gaggawa

A watan Afrilun 2021 gwamnatin Siri Lanka ta haramta shigo da takin zamani a dare ɗaya, da nufin mayar da ƙasar baki ɗaya kan noman oganik. Noman shinkafa da na shayi suka faɗi, ala tilas aka janye dokar kafin ƙarshen shekarar. Abin da ya faru da ƙasa yana iya faruwa da gona. Ƙasar da ta saba da takin zamani tana buƙatar shekara biyu zuwa uku kafin ta farfaɗo, kuma a cikin wannan tsakani amfani yakan ragu.

Shawarar da ta dace ga mai jari ita ce ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na lambunsa, ya bi tsarin a kansa shekara guda cur, sauran kuma ya ci gaba da nomansa yadda ya saba, yana ƙara masa ruɓaɓɓen taki. Ya rubuta kowace naira da ta fita, da kowace ranar aiki, da kowane kwando da ya shiga kasuwa, ya kuma nemi malamin gona ya riƙa leƙa masa. Idan bazara ta zagayo, littafinsa ne zai gaya masa ko ya faɗaɗa ko ya tsaya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma da tsadar da taki ya yi a yanzu, manomin da ya iya haɗa nasa ya rage yawan mutanen da yake bi da roƙon bashi a bakin damina.